Wayoyi Shida a Kicin ɗin Hajiya Ummu

Ranar Laraba da hantsi Hajiya Ummu Salma ta aiko a kira Baba, wai murhun lantarkinta ya ƙona bango tun ranar da aka ɗauke wuta. Ban tsaya jin ƙarshen saƙon ba na sunkuto jakar aiki, bakina har kunne. Mako biyu ke nan labarin murhun nan ya hana matan Bagudo sakat, ni kaɗai ce ban sa shi a ido ba. Ƙanwarta Safina ce ta taho mata da shi daga Segbana, can ƙetaren iyakar Benin. An ce kai biyu ne da shi, ga kuma obin a ƙasa wanda ake zura kaza a rufe, ta fito ja wur ba tare da an hura gawayi ba. Ga shi gobe sunan jikan Hajiya, ta riga ta yi wa dangi alkawarin kajin obin tun daga Kurgu har Dole Kaina.

Mahaifina shi ne Malam Sadisu mai wuta. Shekara talatin yana ja wa mutane waya a garin nan, da wuya ka shiga gida uku a jere ba ka tarar da aikin hannunsa ba. Abin da nake ɓoye wa gari kuwa shi ne, shekara biyu ke nan idonsa ya tafi. Likita ya ce ba yana ba ce balle a cire, jijiyar ce ta gaji. Yana ganin haske da duhu, yana ganin inuwar mutum, amma ja da baƙi duk ɗaya ne a wurinsa. Ranar da muka dawo daga asibiti ya zaunar da ni ya ce, "Uwata, wagga magana tsakanina da ke ta. Ran da garin ga yaj ji, ran nan za a bar kirana, in koma tabarma ƙohwar gida ina koran awaki." Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa na ci, Mashkura. Na san shi sarai, in aka raba shi da filaya da sukudireba ba zai yi shekara ba. Na yi masa alkawari.

Sai muka ƙirƙiro dabara. Ya ce wa mutane ya manyanta, jaka ta yi masa nauyi, shi ya sa nake raka shi. In an buɗe soket, sai in ce bari in goge masa ƙura, in sa hannu in lanƙwasa bakin wayoyin. Mai wuta in yi mata ƙugiya, nitiral, wato ta tsakiya, in bar ta a miƙe, ta ƙasa in ninke ta biyu. Shi kuma ya bi su da yatsa ya ɗaure kowace a gurbinta, ni ina gefe riƙe da tocila kamar ban san komai ba. Ko tafiya ma da dabara muke yin ta. Ya daina hawa kekensa amma bai daina fita da shi ba, yana tura shi, ni kuma hannuna yana kan kariyar baya ina karkata shi in mun zo rami. Wallahi a lokacin ji nake duk jihar Kebbi babu masu wayo irin mu biyu.

Mun tarar da gidan Hajiya a cike maƙil. Mata sun baje a tsakar gida, masu daka na daka, masu tsince shinkafa na tsincewa, kaji goma sha biyu a ɗaure gindin dalbejiya suna jiran gobe. Kwana tara ke nan ba a kawo wuta ba, amma Baba ba ya wasa da wannan. Dokarsa ta farko ita ce a zare fis a sa a aljihu, ko da shekara aka yi babu wuta. Ya laluba akwatin wutar da ke zaure, ya zare fis ɗin ya jefa a aljihun rigarsa. Ni ce nakan duba saman akwati ko akwai wani na ajiya, amma ran nan hankalina yana kan murhu da ƙamshin soyayyar dubulan, ban ɗaga kai ba.

Murhun dai ya cancanci surutun da ake yi a kansa. Fari fat, yana sheƙi, har na ga fuskata a gilashin obin ɗin na gyara ɗankwali. Sai dai makunnin da ke bango, irin babban nan mai haɗe da soket, ya narke ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Baba ya shinshina ya ce, "Hajiya, ashana kinka sa."

Hajiya ta kama baki. "Malam, wa yag gaya maka?"

"Kowa ashana shika sawa," in ji shi.

Gaskiyarsa ne. Kayan wutar Benin ƙafa biyu ne da su, masu zagaye, soket ɗinmu kuwa rami uku ne masu kusurwa, kuma ba ya buɗe baki sai an danna na sama. To mu mutanen bakin iyaka mun daɗe da gano maganinsa: a cusa tsinken ashana a ramin sama, a tura ƙafa biyun da ƙarfi, shi ke nan. Cajin waya da rediyo sukan haƙura da wannan wulaƙanci. Murhu mai obin ba ya haƙura. Ƙafafun sun zauna sako-sako, suka yi ta zafi har robar ta narke. Baba ya ce za a sa sabon makunni, a yanke filogin nan mai ƙafa biyu, a ɗaure wayar murhun kai tsaye. Wayoyi shida ke nan, uku daga bango, ja da baƙa da kore, uku daga murhu da kalolin can ƙetare, ruwan ƙasa da shuɗiya da mai ratsin kore da rawaya. In aka yi kuskure mai wuta ta tafi gurbin ta ƙasa, duk jikin murhun zai ɗauki wuta, wadda ta fara taɓa shi gobe ita za a yi wa salla maimakon suna.

Baba ya kwance tsohon, ya yanke inda ya ƙone, ya fere bakin wayoyin shida tsaf da hannunsa. Na matso ke nan ina cewa, "Bari in goge maka ƙura, Baba," sai na ji an cafke mini hannu. Hajiya ce.

"Ke Mashkura, ba ki da kunya? Ki shigo gidan haihuwa ki wuce kicin, ba ki yi ma ƙawarki barka ba? Taho nan!"

"Inna Hajiya, ku bari in gama..."

"Ba abin da za ki gamawa. Taho!"

Hajiya Ummu ba mace ce da ake ja da ita ba, hannunta ɗaya ya kai cinyata. Ta ja ni ta ratsa tsakar gida da ni har ɗakin mai jego, Sakinatu, wadda muka yi sakandare tare. Kafin in gama cewa barka da arziki an ɗora mini jariri a cinya, an dangwara mini ƙwaryar kunun kanwa a gaba. Jaririn kuwa tubarkalla, jajir, da kumatu kamar an cusa masa fanke. Na ɗan manta da kaina ina yi masa wasa. Ɗaga kan da zan yi, sai na ga Sakinatu ta ɗaura zani ta bi tsofaffi bayan ɗaki, ruwan wankan jego ya tafasa. Aka bar ni daga ni sai yaron mutane, wanda ko suna bai samu ba, kuma tsofaffin gidan sun ce ba a fita da shi tsakar gida sai gobe.

Tagar ɗakin tana kallon ƙofar kicin. Daga nan na zauna ina kallon mahaifina yana abin da ban taɓa ganin ya yi ba, wato jan lokaci. Da farko ya ce a ba shi ruwa. Aka kawo, ya sha a hankali kamar mai shan magani. Ya ce a ba shi kujera. Aka kawo, ya ce ta yi tsawo. Aka kawo 'yar tsugunno, ya ce ta yi gajarta. Can sai ya tuna bai yi walaha ba, aka ba shi buta da tabarma, ya yi raka'a biyu, ya duba bai ji motsina ba, ya tashi ya ƙara huɗu. Da ya sallame ya juya ga masu tsince shinkafa ya fara ba su tarihin ranar da aka fara kafa falwaya a Bagudo, da sunan direban motar da ta kawo su. Dariya ta cika mini ciki har jaririn yana girgiza a cinyata, ga tsoro kuma yana cin raina. Na kurɓi kunu ya ƙona mini harshe.

Ana cikin haka sai wani rediyo ya ɓarke da waƙa a gidan maƙwabta. Nan take unguwa ta ɗauka gaba ɗaya: "An kawo! An kawo wuta!"

Wanda bai taɓa yin kwana tara babu wuta ba, ba zai gane abin da ya faru a gidan nan ba. Taɓarya ta faɗi, shinkafa ta zube, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Mata suka yi ta zaro wayoyi da caja daga jaka, daga ƙugu, daga cikin ɗankwali. Wata tana neman dutsen guga, wata tana ihun a zuba ruwa a firji ko a samu ƙanƙarar zoɓon gobe. Sai kuma aka lura gidan Hajiya kaɗai ne bai haska ba, don fis yana aljihun Baba. Nan da nan suka yi dafifi a ƙofar kicin.

"Malam, a taimaka!"

"Malam, kahin su ɗauke!"

"Malam Sadisu, ko minti goma!"

Na ga ya juya kansa wajen ɗakin da nake, ya saurara. Sannan ya shige kicin ya tsaya gaban bango, ya ɗora yatsunsa a kan wayoyin nan tsirara yana shafa su ɗaya bayan ɗaya, ko zai ji ƙugiyar da ban yi ba. Dariyata ta ɗauke.

A daidai lokacin na hango Safina ta nufi zaure. Doguwar mace ce, ta fi ƙofar gidan tsawo, kuma baƙuwa ce a garinmu, ba ta san dokar Baba ba. Ta tsaya gaban akwatin wuta, ta miƙa hannu samansa, ta sauko da wani fis mai ƙura, na ajiyar mai gidan, wanda ya kamata in gani tun ɗazu. Ta hure shi tana murmushi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ture ƙwaryar kunu, na fito tsakar gida a guje da jaririn mutane a kafaɗa, babu takalmi, tsofaffi suna salati a bayana.

"Inna Safina, kar ki sa! Hannunai na bisa waya!"

Ta tsaya, fis ɗin yana bakin gurbinsa, amma ba ta janye ba. Ta ce, "To ya ɗauke hannunai mana! Awa guda da rabi, waya shidda? Can wajenmu kahin ruwan shayi ya tahwasa an gama. Mi shika jira?"

"Ni shika jira!" na ce da iya ƙarfina. "Ba shi gani! Baba ba shi gani!"

Safina ta sauke hannu. Ni kuwa na tsaya da yaro a kafaɗa, na ji kamar na tuɓe wa mahaifina riga a tsakiyar kasuwa. Shekara biyu ina riƙe da maganar nan, ban gaya wa ko ƙawa ɗaya ba, yau na shelanta ta a gaban matan gari uku. Baba ya fito ya tsaya bakin ƙofar kicin, sukudireba a hannunsa. Na kasa kallonsa, hawaye ya cika mini ido.

Hajiya Ummu ce ta fara magana. Ta karɓe jikanta daga hannuna, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke, wai ba ki lanƙwasa mishi ba kahin in jawo ki?"

Na ce, "Na'am?"

"Wayoyin! Ni na aza kin gama. Da na san ba ki yi ba ai da ban taɓa ki ba." Ta juya ga matan. "Yaya ma abin yake? Mai wuta..."

"Ƙugiya!" in ji mata wajen goma a tare.

"Ta tsakiya a miƙe," in ji wata daga bakin turmi.

"Ta ƙasa a ninke ta biyu!" Wannan Sakinatu ce, daga bayan ɗaki, cikin tururin wanka.

Na bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, duk gidajen da muka yi wa aiki ne, duk matan da na tsaya a kicin ɗinsu ina riƙe tocila ina jin ni ce sarauniyar wayo. Ashe kallona suke ta wutsiyar ido suna danne dariya.

Baba ya yi gyaran murya. "Hajiya," ya ce a hankali, "tun yaushe?"

"Tun bara waccan, Malam. Ran da kac ce ma buhun shinkahwa ina kwana gidan liman, har kana tambaya tai ya iyali."

Wata ta tuntsire, ta toshe baki da mayafi. Ni dai idona yana kan Baba. Gemunsa ya motsa. Ya ce, "To shi ya sa bai amsa ba. Na yi kwana ukku ina jin haushin mutumin ga." Sai ya fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin asibiti, har hularsa ta zame. Gida ya ɗauka. Safina ta zauna daɓas a kan turmi tana riƙe ciki, fis ɗin yana hannunta. Ni ina dariya ina kuka, ban san wanne ya fi yawa ba.

Da aka lafa Baba ya goge ido ya ce, "Kun sani, kuma kunka ci gaba da kirana?"

Hajiya ta ce, "Wa za mu kira? Kai ad da sanin, ita ad da ido, aikinku bai taɓa ƙone muna ko ƙwai guda ba. Kai ba ka so a sani ba, mu ko munka ga ba mu da hurumin hwaɗi. Iyaka ke nan."

Ya daɗe a tsaye yana jujjuya sukudireban. Sannan ya miƙo shi wajen da yake jin numfashina. "Uwata, karɓi. Safina, kawo wanga fis ɗin, aljihuna na da wuri biyu."

Ran nan na ɗaure waya a gaban jama'a karo na farko, babu goge ƙura, babu ƙarya. Mata sun cika ƙofa da taga suna leƙe, har da masu ba ni shawara. Na sa ja da baƙa a gefen shigowa, ruwan ƙasa da shuɗiya a gefen murhu, koren biyu na haɗa su a gurbin ƙasa, ina faɗin kowace da ƙarfi Baba yana cewa to. Da na ce na gama ya ce in matsa. Ya bi su da yatsa yana jan kowace, ya zo kan shuɗiyar ya ja, ta zame ta fito.

"Wagga ita ka ƙona gida," ya ce, ba a hankali ba, don kowa ya ji. "Ba a ɗaure ta awa ana tsoron ta. Sake."

"Kun gani ko?" in ji Hajiya. "Ido kaɗai bai yi."

Na sake ɗaurewa har sai da wuyan hannuna ya yi ƙara. Muka rufe murfin, Baba ya je zaure da kansa ya mayar da fis, na gwada jikin murhun da testa, abin gwajin wuta, ban ga komai ba. Aka ce Hajiya ta kunna. Ta yi bisimilla ta danna babban makunnin da yatsa ɗaya tana ja da baya. 'Yar fitilarsa ta kawo ja. Guɗar da aka yi sai da kajin gindin dalbejiya suka firgita. Baba ya sunkuyo ya tambaye ni a kunne ko ta kama, na ce ta kama, ya ce ai ya ji. Kafin mu fita Safina ta tattara duk ashanar da ke kicin ta kai ɗaki, wai don kada hannun yayarta ya yi ƙaiƙayi.

Bayan azahar muka kamo hanyar gida da ƙullin dubulan a jaka. Yana tura keke, hannuna yana kan kariya. Mun wuce masu gyaran babur, mun wuce mai kifi, kowa yana gaishe shi yana amsawa, ni kuma ina ta tunanin su ma duk sun sani. Na ce, "Baba, ka yahe mini. Na karya alkawari."

Muka ci gaba da tafiya har kwanar gidanmu. Ya ce, "Jibi akwai aiki Geza, ɗaki huɗu da shago. Ke za ki ɗaurewa. Ni in riƙa miki tocila."

Na ce, "Baba, kai da ba ka gani, ina za ka haskawa?"

"Sai ki hwaɗa mini," ya ce. "Da ƙarhi, kowa ya ji."

Ya tsaya ya jingine keken a bangon zaure, ya ɗora hannunsa a kafaɗata, muka shiga gida.